Rigar Jibin Farko Ta Yi Mana Kaɗan

Batun yau yana da ɗan tsawo, saboda haka wanda ke da sarari ya gyara zama, wanda ke kan aiki ya ajiye ya dawo masa da dare. Magana ce da ta shafe mu duka, kuma mu da muka rubuta ta ba mu wanke kanmu daga laifin da ke ciki ba.

Wata Lahadi bayan Misa muna zaune a taron maza a inuwar darbejiyar da ke harabar majami'a, mu kusan 20. An gama lissafin buhunan siminti, an gama kiran sunayen waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, sai wani dattijo a cikinmu ya ce yana da damuwa. Ɗansa ya dawo hutu daga jami'a, ya tambaye shi dalilin da ya sa muke sa a yi Misa domin matattu, alhali abokin ɗakinsa ya buɗe masa Littafi Mai Tsarki bai ga inda aka yi hakan ba. Dattijon ya ce ya buɗe baki ya rasa abin faɗa, sai ya daka wa yaron tsawa, ya ce masa haka muka tarar. Yaron ya yi shiru. Tun daga ranar bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake bin mahaifinsa Misar safe ba.

A wannan zama akwai malaman makaranta, akwai ma'aikacin asibiti, akwai tsohon soja, akwai wanda ya yi ritaya daga banki. Duk muka sunkuyar da kai. Daga ƙarshe shugaba ya ce a kai maganar gaban Fada, aka rufe taro da addu'a. Amsar kuwa ba ta da nisa. A littafin Makabiyawa na 2, sura 12, Yahuza ya tara kuɗi daga mayaƙansa ya aika Urushalima domin a miƙa hadaya saboda 'yan'uwansu da suka faɗi a yaƙi, marubucin kuma ya yaba masa domin ya yi haka ne da begen tashin matattu. Wannan littafi yana cikin guda 7 da ake samu a Littafi Mai Tsarki na Katolika, mai littattafai 73, waɗanda babu su a na 'yan'uwanmu Furotesta, mai 66. Wato abokin ɗakin yaron bai yi ƙarya ba, littafin ne babu a hannunsa. Bayanin minti biyar ne. Mu 20, da takardun shaidarmu da furfurarmu, muka kasa yin sa.

Gaskiyar da wannan zama ya tona ita ce, yawancinmu mun rufe littafin koyon bangaskiya ranar da Bishop ya shafa mana mai a goshi. Mun haddace tambayoyi da amsoshi muna 'yan shekara 10 ko 12, mun ci jarrabawar katikis, mun sa fararen kaya mun karɓi Jibin farko, an ɗauki hoto. Daga nan muka ci gaba da girma ta kowace fuska. Muka koyi sana'a, wasu suka yi digiri, muka yi aure, muka binne iyaye, muka ga rikici da idonmu. Saninmu na addini kuwa yana nan inda muka bar shi. Ba wanda zai ɗauko rigar da ya sa ranar Jibin farko ya ce da ita zai je bikin auren 'yarsa, amma mu muna tunkarar matsalolin magidanta da amsoshin da aka shirya wa yara. Ra'ayinmu shi ne, ilimantar da manya a kan bangaskiyarsu ya kamata ya shiga sahun ayyukan farko na kowane farish, da lokacinsa da malaminsa da kuɗinsa, kamar yadda gini yake da kwamitinsa. Kuma mu da ke zaune a benci, mu ne ya kamata mu nemi hakan da bakinmu.

Wani zai ce ai muna jin wa'azi kowace Lahadi. To mu yi lissafi. Idan wa'azi ya kai minti 20, kuma mutum bai fasa Lahadi ko ɗaya ba, a shekara ya ji minti 1,040, wato awa 17 da ɗan ɗori. Ko kwana ɗaya bai cika ba. Wa'azi kuma ba aji ba ne. Ba a ɗaga hannu, ba a cewa Fada ya maimaita, kuma dole ya yi magana da ɗan firamare da kakarsa a lokaci guda. Shi Fadan da ke tsaye a bagadi ya yi shekara 9 ko 10 ana horar da shi a falsafa da tauhidi kafin a naɗa shi. Tazarar da ke tsakanin saninsa da namu ta yi yawa ƙwarai, kuma ba shi ne yake zaune kusa da mu a ofis ko a kasuwa ko a cikin motar haya sa'ad da tambaya ta taso ba.

Kada kowa ya ɗauka wannan kira tawaye ne ga shugabanninmu. Ikilisiya da kanta ta riga mu faɗa. Babban Taron Vatican na Biyu, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya koyar da cewa duk wanda aka yi wa baftisma yana da rabo a aikin Kristi, ya kuma keɓe takarda guda a kan hidimar masu bi waɗanda ba limamai ba, har da batun horar da su. A 1979 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya rubuta cewa koyar da manya shi ne ginshiƙin katikizim, domin su ne ke ɗauke da nauyi mafi girma a gida da cikin al'umma. Dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 229, ta ce neman sanin koyarwar Kirista wajibi ne a kanmu kuma haƙƙinmu ne. Ta ƙara da cewa muna da damar shiga jami'o'in Ikilisiya mu yi digiri a tauhidi, har ma a ba mu izinin koyar da shi. A 2021 kuma Paparoma Francis ya mai da aikin katikis hidima ta musamman da ake naɗa maza da mata a kanta. Takardu sun cika. Abin da ya rage shi ne su sauko daga kanta zuwa ƙarƙashin darbejiya.

Idan muka waiwayi farko ma, manya aka fara koyarwa. A Ayyukan Manzanni sura 18, Afolos mutum ne mai baki da sanin Nassi, amma Bilkisu da mijinta Akila, masu ɗinkin tanti, su suka ja shi gefe suka gyara masa fahimta. Origen ya jagoranci makarantar koyar da bangaskiya ta Iskandariya a Masar tun yana saurayi, shekaru da yawa kafin a naɗa shi limami. Wajen shekara ta 350, Waliyyi Siril na Urushalima yana tara manya masu jiran baftisma a lokacin Azumi yana bi da su Ƙa'idar Bangaskiya gaɓa-gaɓa, kuma darussansa suna nan har yau. Mu ne muka juya abin, muka bar aji ga yara, manya kuma muka riƙe kwamiti.

Me ya sa abin ya fi matsa mu a wannan yanki namu? Dalilin farko shi ne Fada ba ya ko'ina. Da yawanmu mun fito daga majami'un ƙauye inda ake ganin Fada sau ɗaya a wata, wani lokaci damina ta hana ko hakan. Yanzu kuma rashin tsaro ya ƙara. An sace su Fada, an kashe wasu, an tarwatsa ƙauyuka, jama'a suna zaune a gidajen dangi da sansanoni. Idan hanya ta rufu wata shida, abin da ke cikin kan katikis da iyaye shi ne kaɗai makarantar da ta rage. Tarihi ya nuna cewa ana iya riƙewa idan masu bi sun san abin da suka gaskata. A Koriya wasu masana ne suka fara karanta littattafan Katolika da aka shigo da su daga Sin, ɗayansu, Yi Seung-hun, ya je Beijing aka yi masa baftisma a 1784, ya dawo ya koyar da abokansa. Sai bayan shekara 10 Fada na farko ya shiga ƙasar, ya tarar da dubban masu bi. A Buganda 'yan mishan sun fice a 1882 ba su dawo ba sai 1885, samari irin su Yusufu Mukasa da Andarawus Kaggwa suka ci gaba da koyarwa, kuma daga cikin waɗannan samari aka sami shahidan Yuganda. A Madagaska, da aka kori 'yan mishan a 1883, wata mace mai suna Victoire Rasoamanarivo ta tsaya majami'u suka kasance a buɗe har suka dawo. Mu ma a nan, tun da su Fada na farko suka sauka Shendam a 1907, katikis da malaman makaranta ne suka kai bishara ƙauyukan da Fada bai iya kaiwa ba. Tambayar da ya kamata kowane farish ya yi wa kansa ita ce: idan aka wayi gari babu Fada na tsawon shekara, mutum nawa ne a cikinmu za su iya koyar da saura ba tare da sun karkata ba?

Dalili na biyu shi ne maƙwabtanmu. Muna zaune da Musulmi gida da gida, wasu ma 'yan'uwanmu ne na jini. Suna tambaya, kuma yawancin lokaci da zuciya ɗaya suke yi: Alloli uku kuke bauta wa? Ta yaya Allah zai haifi ɗa? Maryamu tana cikin ukun? Wanda bai sani ba abu biyu yake yi, ko ya ji kunya ya sulale, ko ya fusata ya mayar da baƙar magana. Wanda ya sani zai iya cewa a natse: Allah ɗaya muke bauta wa, kalmar Ɗa ba ta nufin haihuwa irin ta miji da mata, Maryamu kuwa halitta ce kamar mu, ba ma yi mata sujada. Zai san cewa an daɗe da tattauna waɗannan batutuwa tun taron Nisiya a 325 da na Afisa a 431, kuma sunan da muke kiran Maryamu da shi, Uwar Allah, magana ce a kan wane ne Yesu. Zai kuma san cewa a 1965 Ikilisiya ta yi magana a kan Musulmi da girmamawa, ta ambaci cewa suna bauta wa Allah ɗaya, suna ɗaukaka Yesu a matsayin annabi, suna martaba mahaifiyarsa. Ba muna neman horar da 'yan muhawara a bakin kasuwa ba ne. Manzo Bitrus ya gargaɗe mu mu kasance a shirye da bayanin begenmu, amma cikin tawali'u. A wuri irin namu, inda kalma ɗaya kan iya tayar da gari, sani yana sanyaya harshe. Mun lura cewa waɗanda suka fi zafi a intanet galibi su ne suka fi ƙarancin karatu, ta kowane ɓangare.

Dalili na uku yana cikin gidajenmu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin duhun nan ne masu sayar da annabci suke cin kasuwarsu. Mace ta yi ɓari sau biyu, sai a kai ta wurin wani mai addu'a ya ce surukarta ce. Yaro ya kamu da farfaɗiya, sai a ce maye ne, a hana shi abinci. Magidanci ya kwashe kuɗin makarantar 'ya'yansa ya kai a matsayin iri, domin an yi masa alkawarin ninki goma. Waɗanda ke yin haka da yawa 'yan Katolika ne masu zuwa Misar farko, sannan su zarce can da rana. Ba mugunta ke kai su ba. Wahala ce ta zo musu, kuma ba wanda ya taɓa zama da su a kan littafin Ayuba, ko a kan ma'anar gicciye, ko a kan abin da Ikilisiya ke koyarwa game da ciwo da magani da shafe marasa lafiya. Ku tuna da Benedict Daswa, shugaban makarantar firamare kuma katikis a Afirka ta Kudu, uban 'ya'ya 8. Tsawa ta ƙone bukkoki a ƙauyensu, dattawa suka ce kowa ya ba da kuɗi a ɗauko boka ya nuna wanda ya jawo ta. Ya ƙi bayarwa, ya ce tsawa abu ne na halitta, kuma ba zai sa hannu a farautar wani marar laifi ba. An kashe shi ranar 2 ga Fabrairu 1990, Ikilisiya kuma ta sa shi cikin masu albarka a 2015. Ƙarfin zuciyarsa ya tsaya ne a kan abin da ya fahimta. A ƙauyukanmu ana irin wannan karo-karo har yau, kuma sau da yawa da kuɗinmu a ciki.

Akwai kuma lamirin ma'aikaci da ɗan kasuwa da mai zaɓe. Tun 1891, lokacin da Paparoma Leo na 13 ya yi rubutu a kan haƙƙin ma'aikata da albashin adalci, Ikilisiya take gina koyarwa a kan aiki da dukiya da mulki. Mutum nawa a cikin masu riƙe da muƙamai daga majami'unmu aka taɓa karantar da su wannan? Muna kiran su gaban bagadi ranar gidauniya, ba ma kiran su aji. Sannan mu yi mamaki idan ba a ga bambanci tsakanin ofishinsu da na kowa ba.

Abin kunyar shi ne misalin yana ƙofar gidanmu. Duk wanda ya zauna a Zariya ko Kano ko Katsina ko Sakkwato ya ga 'yan kasuwa masu furfura zaune a zauren malami bayan sallar asuba ko magariba, kowa da littafinsa, ana bi layi-layi, shekara da shekaru. Ya ga matan aure suna tafiya Islamiyya da jakunkunansu. Ya ji tafsiri a rediyo duk watan Ramadan. Hausawa suka ce gemu ba ya hana ilimi, su kuma sun riƙe maganar. 'Yan'uwanmu na ECWA da Baptis suna da ajin Lahadi na manya. Wasu ikilisiyoyin arewa sun ɗauki tsarin karatun tauhidi daga gida, wanda aka fara a Guatemala a 1963, inda mutum ke karatu a gidansa ya riƙa haɗuwa da malami lokaci-lokaci ba tare da ya bar gonarsa ba. Mu da muke da taskar shekara dubu biyu, mu ne muka fi kowa barin ta a kulle.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi. Akwai masu cewa kakanninmu ba su yi karatu ba amma sun fi mu bangaskiya. Gaskiya ne sun fi mu, amma ba gaskiya ba ne cewa ba su koya ba. Da girmansu suka shiga, kuma sun yi shekaru suna zuwa ajin katikis, wasu da ƙafa daga nesa, kafin a yarda a yi musu baftisma. Sun fi mu zama ɗalibai. Ban da haka, kaka ba ta da jika mai waya a hannu wanda ke jin masu wa'azi goma kafin karin kumallo. Tsarkin rai ba ya bukatar digiri, mun yarda. Tsohuwar da ba ta iya karatu ba tana iya riga malamin tauhidi shiga Mulkin Sama. Amma ita ma tana da haƙƙin a yi mata bayani da harshen da take ji.

Akwai masu cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma da zarar an buɗe wannan ƙofa za a sami masu gyara wa Fada wa'azi da masu kafa ƙungiya a cikin ƙungiya. Mun ga irinsu, ba za mu musa ba. Wani ya kalli bidiyo uku a YouTube ya dawo yana yanke wa Paparoma hukunci. Sai dai ku lura, wannan mutum ya riga ya sami malami, kuma ba mu muka zaɓa masa ba. Ƙishirwar tana nan. Idan farish bai ba da ruwa mai tsabta ba, za a sha na kwata. Maganin ƙaramin sani shi ne a ƙara shi, a ƙarƙashin kulawar Fada da Bishop, a haɗa shi da addu'a da hidimar matalauta, domin karatun da bai kai mutum ga durƙusawa da ziyartar marar lafiya ba, kumburin kai kawai yake kawowa.

Akwai masu cewa babu lokaci, babu kuɗi. Mawaƙa suna gwaji sau biyu ko uku a mako. Muna ɗinka anko duk shekara. Muna yin wata uku muna shirin godiyar kaka. Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma sun nuna cewa abin da muka ɗauka da muhimmanci muna sama masa lokaci. A nan dole mu faɗi laifinmu. Mun taɓa samun Fada da ya buɗe ajin Littafi Mai Tsarki da yammacin Laraba. Makon farko majami'a ta kusa cika, kafin wata biyu saura mutum biyar, mu ma da muke wannan rubutu mun fasa tun a mako na huɗu. Ya rufe ajin, kuma ba mu ga laifinsa ba. Saboda haka kada mu ɗora komai a kan su Fada. Wasu cikinsu suna ɗari-ɗari da mai bi da ke yawan tambaya, gaskiya ne, amma wasu sun kira ba mu amsa ba.

To me za a yi? Ga abin da muke ganin kowane farish zai iya, ko na birni ko na ƙauye.

Na farko, kada a ƙirƙiro sabon taro, a shiga wanda ake da shi. Ƙungiyar maza, Zumuntar Mata, matasa, mawaƙa, duk suna haɗuwa. A ware minti 30 na farkon kowane zama domin karatu, kafin a taɓa maganar kuɗi. Idan aka bar shi a ƙarshe, kowa ya san ba za a kai ba.

Na biyu, a bi tsari, kada kowa ya zo da abin da ya ga dama. Katikizim na Ikilisiyar Katolika da ya fito a 1992 an gina shi a kan sassa huɗu: abin da muka gaskata, sakramentai, rayuwar Kirista, da addu'a. Yana da sakin layi 2,865, ya yi wa mai farawa nauyi. Amma taƙaitaccensa na 2005 tambayoyi 598 ne da amsoshinsu. Idan aka ɗauki 6 a mako, cikin shekara biyu an sauke. Bisharar Markus sura 16 ce, sura ɗaya a mako, wata huɗu an gama. Sannu ba ta hana zuwa.

Na uku, harshe. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932, amma duk wanda ya leƙa teburin littattafai a ƙofar majami'unmu ya san kayan karatun manya da Hausa sun yi ƙaranci, balle da Tyap ko Jju ko Ngas ko Berom. Muna da malamai a makarantun horon limamai na Jos da Kaduna, muna da makarantar horon katikis a Malumfashi, kuma tun 2023 muna da dayosis a Katsina da Bishop Bahaushe, Gerald Mamman Musa. Muna roƙon iyayenmu Bishop-Bishop su haɗa waɗannan kawuna a fitar da darussa gajeru, tatattu, da Hausa mai sauƙi, waɗanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Zinder ma za su amfana da su. A kuma naɗe su da murya. Saƙon minti bakwai a WhatsApp zai kai ga manomi da mai tuyar ƙosai da ba za su taɓa buɗe littafi ba.

Na huɗu, a koyar da manya kamar manya. Ba hadda, ba tsawa, ba kunyata wanda ya yi tambaya. Wajen shekara ta 400 wani dikin a birnin Kartaj mai suna Deogratias ya kai kuka wurin Waliyyi Agustin cewa darussansa suna gundurar masu sauraro, har shi kansa. Agustin ya rubuta masa littafi guda, inda ya ba shi shawara ya duba wane ne ke gabansa, ya tambaye shi ko ya gane, ya ba shi wurin zama idan ya gaji, ya kuma koyar da fara'a. Shawarar ba ta tsufa ba. A ajiye akwati a bayan majami'a inda mutum zai jefa tambayarsa ba suna. Za mu sha mamakin abin da masu furfura ke ɗauke da shi shekara 30 suna jin nauyin furtawa.

Na biyar, kuɗi. A sa layin ilimantar da manya a kasafin farish, a yanke masa kaso daga godiyar kaka. Kowace shekara a ɗauki nauyin mutum biyu, namiji da mace, su je su yi horo mai zurfi su dawo su koyar. Muna jaddada mace, domin a yawancin gidajenmu uwa ce malamar addini ta farko, kuma Zumuntar Mata ta fi kowace ƙungiya tsari da juriya. Katarina ta Siyena ba ta zauna a gidan Sistoci ba, ba ta je jami'a ba, amma a 1970 Ikilisiya ta sa ta cikin manyan malamanta. Sannan a dubi katikis. Ba daidai ba ne mu ɗora masa koyarwa da jana'iza da sulhun aure, sannan abin da muke ba shi a wata bai kai kuɗin man babur ɗinsa ba.

Dattijon da muka fara da labarinsa bai jira kwamiti ba. Ya nemi Littafi Mai Tsarki mai ɗauke da littattafan nan 7, ya sa Fada ya nuna masa wurin, ya kira ɗansa a waya ya karanta masa, ya kuma ba shi haƙuri a kan tsawar da ya yi masa. Yaron bai dawo Misar safe ba tukuna. Amma ya turo wata tambayar, wannan karon a kan furta zunubi ga Fada, kuma mahaifin ya ce masa ya ba shi mako guda. A zamanmu na gaba da wannan tambaya muka buɗe taro, siminti ya biyo baya.

Yanzu saura ku. Wace tambaya aka taɓa yi muku a kan bangaskiyarku kuka rasa amsa? Wa ya yi ta, ɗanku ne, maƙwabci ne, ko zuciyarku ce? Ku faɗa mana ba tare da jin kunya ba, matambayi ba ya ɓata. Waɗanda farish ɗinsu ya riga ya fara irin wannan aji, ku gaya mana yadda kuka yi mutane suka ɗore. Su Fada da Sistoci da katikis da ke tare da mu, muna roƙon ku gyara mana inda muka yi kuskure. Allah ya ba mu mako mai albarka, ya kuma ba mu tawali'un komawa aji.